Yadda Za Ka Tallata Fim ɗin da Ba Ka Taɓa Kallo Ba

Bi matakan nan, na ba ka tabbacin shafinka na intanet zai cika maƙil da rubutu ba tare da tunani ko ɗaya ya ratsa kanka ba. An gwada su a kan Hafizu, wanda ya gama digiri a jami'ar da ke Gubi ya samu kujera a shagon tura fina-finai na Bappa Jalo. Sharaɗin Bappa ba shi da tsawo: kullum a sa sabon bayanin fim a shafin shago don jawo masu saukewa, ranar da mai saye ya kawo ƙara kuwa, Hafizu ya koma gonar babansa a Miri. Ga fanka, ga fartanya. Hafizu ya zaɓi fanka.

Mataki na 1: Kada ka kalli fim ɗin

Kallo yana cin data, yana kuma haifar da ra'ayi, mai ra'ayi kuwa ba ya sauri. Hafizu ya taɓa kallon rabin wani fim, ya wuni ya kasa yabonsa. Bai ƙara ba.

Mataki na 2: Nemo maƙwabci mai himma

Buɗe shafin wani, ka kwashe. Hafizu ya dace da na Micah, mai irin wannan shago a bakin barikin Shadawanka. Kada zuciyarka ta ce maka sata ce. A jami'a sunanta bitar ayyukan magabata.

Mataki na 3: Sauya wa kowace kalma riga

Injin bincike na intanet ba ya son maimaici, amma ba ya gane mutum idan ya canja hula. Inda aka ce "sauke", ka ce "jawo". "Kyauta" ta zama "ba ko sisi". "Kalla kai tsaye" ta koma "ba idonka haƙƙinsa nan take". In kalmomi sun ƙare, matsa gaba kaɗan: kogi ɗan'uwan dam ne, ɗan sanda kuma da soja duk kaki ne.

Mataki na 4: Kada ka tambayi inda maƙwabci yake samo nasa

A shafin Hafizu yake samowa. Kowace safiya Micah yakan kwashe na Hafizu ya sauya masa riga, da rana Hafizu ya kwaso shi a matsayin sabon fim. Haka labarin wani direba da akuyarsa ta ɓace a bakin kogi ya yi ta kai da kawowa tsakanin shagunan biyu. Akuya ta zama dabba, dabba ta zama abin ƙauna, abin ƙauna ya zama miji. Kafin damina ta tsaya, an samu matar soja da ta tsallaka dam da keke-napep ta ceto maigidanta.

Mataki na 5: In mai saye ta zo, ka dake

Madam Juliana, matar wani saje, ta sauka daga keke ta miƙo waya.

"Ɗana, sa mini na matar soja ɗin nan. Micah ya ce asalinsa yana wurinku."

"Madam, sabis ne yau sai a hankali."

"Wane sabis? Ga shi nan cike a wayarka har yana zuba."

Bappa ya ɗago daga kan buta. "Hafizu, tura wa Madam mana."

"Bappa, fim ɗin bai samu fitowa ba tukuna."

"Yaushe zai fito?"

"Ba a kai ga shirya shi ba."

"Wato babu shi," in ji Bappa.

"Ana iya faɗar haka ma."

Madam ta ajiye jaka a kan tebur. "Na gayyaci matan layinmu kaf ranar Asabar, har da matar Manjo. Na soya cincin, na jiƙa zoɓo. Me zan kunna musu? Kai zan kunna?"

Lura da cewa har zuwa nan Hafizu bai maimaita kalma ɗaya ba. Gwaninta ke nan.

Mataki na 6: Karɓi sakamako da sunan da ya fi laushi

Bappa mutum ne mai saurin ɗaukar karatu. Ya kashe fanka ya ce, "Ban kore ka ba, Hafizu. Na sallame ka, na yaye ka, na hutar da kai. Zaɓi wanda ya fi maka daɗi."

Ranar Asabar Madam ta ba matan labarin da bakinta, har da kukan injin keke a tsakiyar ruwa. Matar Manjo ta share hawaye ta nemi kashi na biyu. Micah ya riga ya sa bayaninsa a shafi.

Hafizu kuwa yana Miri. Duk wanda ya tambaya, yakan ce yana harkar abinci ne tun daga tushe. Ya kira fartanya hauya, ya kira ta kayan aiki, har ya gwada kiranta abokiyar tafiya. Ba sunan da ya rage mata nauyi.

A kula: Mai wannan jagora ba shi da hannu a kora, sallama, yaye ko kantar tafin hannu. Wanda matar saje ta biyo, shi ta biyo. In kuma ka ci karo da wannan rubutu a wani shafi sanye da wata riga, ka gaida Micah.