Foldar da na gwada da kanta

Ba zan taɓa mantawa da abin da na aikata a kasuwar Suk al-Arabi ba, zamanin da nake karatu a Khartum, soja na mulki. Ɗaliban Najeriya da Nijar “injiniya” suke ce mini (don kawai na iya buɗe baƙin allon nan na kwamfuta in rubuta umarni).

Malam Haruna, dattijo ɗan Maraɗi da ya baro iyali a gida, ya gama kundin digirinsa na biyu. Kwafi ɗaya na kan filashinsa, ɗaya na kan kwamfutar shagon da yake bugawa. Mai shagon, Haj Usman, jikan alhazan da suka zauna a Sudan, zai goge kwamfutar saboda ta fara lalacewa.

“Ya Ustaz, kayanka tamam? Zan goge, halas, shi ke nan,” in ji shi.

Malam Haruna ya ce bari ya buɗe babi-babi ya duba. Sai na yi caraf na tsoma baki.

“Haba Malam, wannan ai aikin mutanen da ne. Akwai diff.”

Na yi musu lacca: umarni ne mai gwada folda biyu, in da bambanci ya faɗa, in babu ya yi shiru. Sai dai sunayen foldojin da Larabci suke, a baƙin allon kuwa duk sun koma alamar tambaya. Girman kai ya hana ni cewa ban gane ba. Na kwafo, na liƙa, na danna. Shiru.

“Iri ɗaya ne sak. A goge!”

Aka goge. Har shayi Malam Haruna, bawan Allah, ya saya mini.

Washegari ya taso daga Umdurman ya same ni a masallacin makaranta, cikin jama’a. Duk gyaran da ya yi tun kafin azumi, babu ko ɗaya a filashin. Ashe foldar filashin na liƙa sau biyu, na gwada ta da kanta. Bai zage ni ba (da ya zaga da na fi samun sauƙi). Cewa kawai ya yi, “Ɗana, na riga na faɗa wa yarana ina nan tafe.”

’Yan ajinsa suka kammala suka tafi gida. Shi ya sake shekara a zafin Khartum yana rubutu daga ka, in mun haɗu kuma shi ke fara gaishe ni. Wallahi wannan gaisuwar har yau tana ci mini rai.

Abin da na koya: komai ka gwada da kansa lafiya lau zai fito, har da ni.