Ta'aziyyar Dattijo, Injin da Ya Rufa Mini Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu warin baƙin mai har yanzu, ni Kyaftin Hulusi na ƙauyen Uchagiz nake sanar da 'yan'uwa matuƙa jirage, da masunta, da zaunannun shagon shayin bakin gaɓa, rasuwar injin jirgina, wanda kowa ya sani da Dattijo. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana bakin aiki, a kan tsohon birnin da teku ta haɗiye a gefen tsibirin Kekova. Rashin ba ƙarami ba ne, domin uwargida Nezihe ta daɗe tana jiran wannan rana don a sayar da jirgin, in koma noman tumatir a rumfunan ledar ƙanenta a Demre. Ni kuwa gara a binne ni tare da mamacin.

Ba a san adadin shekarunsa ba. A jikin motar ɗaukar katako aka haife shi, ya ci ƙuruciyarsa a kan tsaunuka, sai da ya manyanta mahaifina ya sauko da shi teku. Bai taɓa ƙorafi a kan wannan sauyin sana'a ba, in ban da tarin da yake yi kowace safiya. Waɗanda suka zauna da shi ba za su manta gaisuwarsa ba: "Kuh. Kuh. Kuhu-kuhu-kuhu," sannan in ya ga dama, "dum-dum-dum-dum." In bai ga dama ba, sai an roƙe shi da guduma.

Marigayi mai haƙuri ne, amma babban halinsa shi ne rufin asiri. A takardar talla, jirgina Poyraz mai tafiya da iska ne, ga hotonsa nan da farin zanen kama iska a ɗage. Baƙi kan zo daga nesa da littattafai a hamata, suna son kallon kufan Girkawa da Rumawa yadda mutanen zamanin da can suka kalle su, ba hayaniya, ba hayaƙi. To amma su ɗin dai suna son hawa ganuwar Simena kafin abincin rana, su ɗauki hoton akwatin gawar dutsen nan da ke tsaye cikin ruwa, su yi ninkaya, su koma masauki kafin magariba. Wace iska ce za ta ɗauki wannan alkawari? Shi ya sa duk gaɓar nan zanen kowa a nannaɗe yake cikin rigarsa, kada wani ya zo yana kallona. In baƙo ya matsa, sai in lashi yatsa in ɗaga sama, in girgiza kai, in ce yau iskar ba ta dace ba. Dattijo kuwa sai ya yi gyaran murya daga ƙasa ya ba ni shaida. Ko sau ɗaya bai kunyata ni ba.

Jinyarsa ta faro tun kakar zaitun. Ya fara shan mai fiye da kima, numfashinsa ya yi baƙi. Bakanike Zekeriya ya kafa masa sukurdireba, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya saurara, ya miƙe ya share hannu.

"Kyaftin, wannan sai dai addu'a."

"Ka dai duba da kyau."

"Na duba. Kakana ma da ya kai nan, shayi kawai muke ba shi."

Ranar Talata muka ratsa ta kan birnin da ya nutse, inda doka ta hana jefa anka, ta hana tsayawa, ta hana ko tsoma ƙafa. Baƙi sun leƙa ruwa suna nuna matattakalar dutse da ke gangarawa ƙasa. A nan marigayi ya yi kalamansa na ƙarshe: "Dum... dum... fyuuu." Shiru. Iskar da na shekara da shekaru ina cewa ba ta dace ba, ranar ta zo da kanta, ta fara tura mu wajen duwatsu. Wata tsohuwa mai faffaɗar hula ta rufe littafinta ta tafa hannu, wai sai yau za a yi tafiyar da ta biya.

Na kwance rigar zanen. Rina suka fito suka yi mini ta'aziyya a wuya. Na ja igiya, zane ya hau yana kuka, sai ga wani rami a tsakiyarsa, an yanke shi tsaf da almakashi, girman ƙofar ɗaki. Ta cikin ramin na hango ganuwar Simena sarai. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto.

Kyaftin Muzaffer ne ya jefo mini igiya, mutumin da muke takun saƙa da shi tun muna yara. Ya ja mu ta gaban shagon shayi a hankali, a hankali, don kada wani ya rasa rabonsa na kallo.

"Hulusi, taga ka buɗe wa iska? Ai sai ka sa mata labule!"

Allah Ya saka masa, ni dai ban ce da me ba.

A gida na tambayi uwargida ko ta san abin da ya sami zanen. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga ganyen inabin da take naɗewa.

"Shekara nawa ina shimfiɗa yankinsa ƙarƙashin bishiyoyin zaitun ina tara 'ya'yan, kana lasar man, ba ka taɓa tambaya ba?"

"Haba Nezihe, zanen jirgi fa!"

"Au, yana da aiki ashe? To ji nan, Kyaftin. Sabon inji dai babu. Ka ce jirgin iska ne. In ka fitar da shi daga gaɓa ka dawo da shi da iska, naka ne, na yi shiru har abada. In an jawo ka da igiya, ƙanena ya riga ya ware maka takalmin roba."

Marigayi ya bar batir biyu marasa lafiya, da guduma ɗaya, da jarka wadda ba ta san abin da ya faru ba tukuna. Ya bar Zekeriya, wanda rabin abincinsa ya tafi. Ya kuma bar ni, shekara sittin da 'yan kai, ina koyon ɗaurin igiya a ɓoye a bayan gida. Wallahi ina jin tsoro, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Ba za a yi masa salla ba, liman ya riga ya ja mini kunne. Bisa al'ada, za a wanke shi tas daga mai, a ɗaura masa sarƙa, a sauke shi a bakin mashigi ya zama maɗaurin jirage. Nan da shekara dubu biyu wasu za su zo da littattafai su leƙa shi. Poyraz ne zai kai shi makwancinsa, da iska. Za a raba halawar sadakar mamaci a shagon shayi, in na dawo.

Muzaffer, ka halarta, amma ka bar igiyarka a gida.

Ana kuma sanar da jama'a cewa uwargida ta ɗauko yankin zanen daga gona, duk tabon zaitun, ta mayar da shi mazauninsa da ɗinki biyu-biyu, har allura ta huda mata yatsa. Ta ce za ta shiga jirgin da kanta, don kada in yi maguɗi. Tun da muka yi aure ƙafarta ba ta taɓa taka jirgi ba, kuma ba ta iya ninkaya ba. Wanda duk ya san addu'ar neman iska mai taushi, don Allah ya taho da ita.