Amanar Fulawar Inna Delu

A ƙauyen Rafin Tsamiya akwai wani gida mai mutum uku: Inna Delu, da ɗanta Nomau wanda ya yi gemu amma hankali bai iso ba, da ƙanenta Kawu Barmo, mai baki kamar zuma, mai hannun da bai san fartanya ba. Abin alfaharin gidan wata fulawa ce mai jan fure, wadda marigayi mijin Inna ya dasa. Da za ta tafi birni jinyar ƙafa, sai ta damƙa wa Barmo amanarta.

"Yaya, ni fa ko taɓarya na dasa sai ta yi fure," in ji shi. Motarta na ɓacewa ya miƙa wa Nomau aikin, ya koma gindin darbejiya yana gyaran hula.

Wata rana da bazara ya ga ganyen ya yi laushi. "Nomau, kada ka bar rana ta taɓa ta." Nomau ya kife ta da tsohuwar ganga. Ba a buɗe ba sai da ganyen ya zama ruwan ɗorawa. Barmo ya dafe kai. "Ni Barmo, me na yi wa duniya? Cire! Ka dinga ba ta ruwa safe da yamma, ka tabbata kowane reshe nata ya sha, ko me ake yi."

Wata rana da damina, ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, Barmo ya leƙo ya ga Nomau ya riƙa wa fulawar lema yana kwara mata bokiti.

"Kai, ba ka ga ruwan sama ba?"

"Na gani, Kawu. Shi ya sa na tare shi, kada ta ƙoshi ta ƙi nawa."

Wata rana da kaka, rassan suka yi tsawo barkatai. "Duk reshen da ya fi 'yan'uwansa tsawo, sare shi," in ji Barmo, ya tafi kasuwa nuna sabuwar riga. Nomau ya sare mafi tsawo, ya duba, wani ya zama mafi tsawo. Ya sare. Kafin Barmo ya dawo saura kututture.

"Wayyo, an kashe ni da raina! Mutum mai daraja irina!" Ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya. "Kwashe rassan nan ka cusa su a ƙasa bayan rijiya. Kada Innarka ta gan su."

Gara ta cinye kututturen a lokacin sanyi. Barmo ya rame har hularsa ta yi masa yawa, kullum yana ƙirƙiro ƙarya yana rushewa.

Wata rana, bayan ruwan farko, sai ga Inna Delu. Ta tsaya kan ramin da fulawar take a da, idonta ya ciko.

"Barmo, ina amanata?"

"Yaya, wata akuya ce, baƙa, mai..."

Sai suka ji ƙarar bokiti a bayan rijiya. Inna ta nufi can, Barmo na binta a baya. Ashe tsaye Nomau ya caccaka rassan a danshi, kuma tun da ba wanda ya ce ya daina, safe da yamma kowane reshe sai ya sha. Ga su nan jere, sun yi saiwa, jajayen furanni har kan katanga.

Nomau ya yar da bokiti ya baza riga ya kare furannin. "Inna, rufe idonki! Kawu ya ce kada ki gan su."

Barmo ya saki wata ajiyar zuciya da ta kusa tuɓe masa hula. "To, ka ɓata min shiri. Mamaki na so in ba ki, Yaya. Guda kika bari, dangi kika tarar."

Inna ta shafa furen, ta share ido, ta harare shi. "Sannu, sarkin lambu. Nomau, duk abin da Kawunka ya cancanta, ba shi."

Nomau ya yi tunani, ya miƙa masa bokiti.