Tirelar Matan Kusada Ta Koyi Rawa

"Wayar lantarkin da ta gagare ni, ba a ƙera ta ba tukuna!" in ji Badaru, wanda ya raɗa wa kansa Injiniya bayan ya gyara tocila biyu, ɗaya ma ta ƙone.

To, ka san ƙungiyar mata masu man gyaɗa ta Kusada sun yi shekara uku suna tarin kuɗi har suka sayi 'yar tirela ta hannu, irin wadda akori-kura ke ja. Birkinta na lantarki ne, daga wani filogi mai baki bakwai yake shan wuta a gindin mota. Ana gobe kasuwar Kankia birkin ya ƙi kamawa, ga jarka ashirin na mai da buhunan garin ƙuli, jarin mata goma sha biyu.

Damian mai kayan mota ya leƙa ya ce wa shugabar ƙungiyar, "Hajiya, tsatsa ce kawai ta ci farar wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfe. A kankare, shi ke nan."

Badaru ya kwashe da dariya. "Kankara aikin mai wankin tukunya ne! Inna Hafsatu, bar mini."

Hafsatu, shugabar matan, ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, man mutane ne hwa."

"In ɗigo ɗaya ya zube, ki kira ni duk abin da kika ga dama."

Gogan ya sa filaya, ƙat-ƙat-ƙat, ya datse wayoyi bakwai ɗin nan kaf. Shuɗiya, rawaya, koriya, duk ya watsar. Wai launi na 'yan koyo ne. Ya kawo nasa ƙullin waya, baƙa wuluk daga farko har ƙarshe, ya haɗa yadda zuciyarsa ta raya masa, ya naɗe da salatif kamar mai ɗaurin karaya. Da aka taka birki, sai fitilar lamba ta kama.

"Ka gani? Ta fara gaisuwa."

Ya sake juya biyu. Wani abu ya ce ƙyas a ƙafar tirela. "Ya kama!" Bai lura gwiwar Bube direba ce ta taɓa sandar sigina ba. Shi kuwa Bube, shekararsa goma sha biyu yana tuƙi bai taɓa kunna sigina da gangan ba. Hannu yake miƙawa ta taga kamar kowa.

Da safe Badaru ya ƙi shiga gaba. Ya ɗare tsakiyar kaya da farar shadda, wai Kankia ta ga mai aikin. Bube ya lallaɓa a hankali, lafiya lau har bakin kasuwa. Nan fa kan Injiniya ya kumbura.

"Bube! Wane irin ƙauyanci ne miƙa hannu? Kunna sigina su ga aiki!"

Bube ya kunna. Ashe uban gwanaye ya ɗaura birki a wayar sigina. Fitila ta ƙyafta, tirela ta cije. Ta mutu, tirela ta saki. Cije, saki, cije, saki, kamar jakin da ya ga gada. Jarkoki suka shiga karo, murafe suka yi sama.

"Kashe! Haɗari, Bube, haɗari!"

Bawan Allah da ya ji haɗari, sai ya danna sigina biyu, wato fitilar haɗari. Rawa ta koma sabuwa. Buhun ƙuli ya fashe, Injiniya ya nutse ciki, ƙafafu a sama.

Damian da ya biyo su kasuwa ne ya sheƙo ya fizge filogin. Hafsatu ta fito ta ƙirga: jarka uku sun tafi, duk a jikin mutum ɗaya. Badaru ya miƙe yana naso, ja-ja-wur da ƙuli tun daga hula har takalmi.

"Inna, ai gwaji ne..."

Labaran mai tsire ya zagaya shi sau biyu, ya shinshina. "Hajiya, nawa za ki bar mini wanga? An sa mai, an barbaɗa ƙuli, gashi kawai ya rage."

Hafsatu ta gyara mayafi. "Kada ka yi asarar gawayinka, Labaran. Na duba shi tun jiya. Baki ne zalla, babu tsoka."