Yadda Za Ka Ƙarasa Bargon da Matarka Ta Bari, Ka Ce Ita Ta Ɗinka

Matata ta rasu ranar Talata, ta bar rabin bargon jariri a ƙarƙashin allurar keken ɗinki. Bayan mako guda autarmu, mai tsohon ciki, ta tambaye ni ko Mama ta samu ta gama shi. Na ga idonta, na ce ta gama. Idan kai ma bakinka ya riga hankalinka, bi matakan nan. Na yi maka alkawarin bargo kafin haihuwa, kuma babu mai ganewa.

1. Ka raina aikin

Wannan ba zai ba ka wuya ba, ka daɗe da farawa. Ka ce a ranka: wanda ya karance tarihin dauloli juzu'i goma ba zai kasa haɗa ƙyalle da ƙyalle ba. Ka ɗaga yadin. Irin mai laushin nan ne, mai gashi kamar bayan kyanwa, in ka ja shi ya biyo ka kamar roba. Ka shimfiɗa shi a tebur. Ka sunkuya ka ɗauko shi daga ƙasa. Ka maimaita har sai ɗayanku ya gaji. Ba shi ba ne zai gaji.

2. Ka yanka, ka goge

Ka sa almakashi da ƙarfin hali. Ɓurɓushin gashin zai hau tabarau, ya faɗa shayi, ya tare a gemu. In maƙwabci ya ce furfurarka ta koma shuɗiya, ka ce gado ne. Inda ɗinkin ya tattare, ka ɗora masa dutsen guga mai zafi. Masu ilimi sun yarda cewa zafi yana gyara komai, ban da abin da ya narkar.

3. Kada ka tambayi tela

Ka dai je shagonsa da sunan maɓalli ya cire, bargon a leda kamar an manta da shi.

Zai ce, "Malam, wa ya yi wa wannan guga?"

Ka ce, "Wani abokina."

"To, abokin nan naka ya soya shi. Kuma shafa nan ka ji. Wannan fallen gashinsa ya kwanta gabas, wannan yamma. Faɗa suke yi?"

Ka gyara zaman tabarau irin na manya.

"Fil nawa ya soka ya riƙe yadin kafin ya ɗinka?"

"Huɗu. Ai kusurwa huɗu ce."

Ka jira ya gama dariya. Zai ajiye almakashi ya riƙe ciki. Sannan zai ce duk faɗin yatsa biyu a soka fil, kuma kada a ja yadin, a bar keke ta ci da kanta. Ka ce za ka isar da saƙo. A bakin ƙofa zai ce, "A gaida abokin. A ce masa akwai zare a gemunsa."

4. Ka warware

Da reza, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Gashin yadin yana haɗiye zare, sai ka lalube shi da farce. Kwana huɗu za ka yi, sannan ka sake ɗinkawa yadda telan ya ce. Bayanka zai sanar da kai shekarunka. A nan za ka lura rabin da matarka ta ɗinka a miƙe yake kamar layin littafi, ba tangarɗa ko ɗaya. Kada ka daɗe kana kallo, ba ya cikin matakai.

5. Ka miƙa shi da fuskar mai gaskiya

Ranar da aka sallamo autar taka daga asibiti, ka ajiye mata shi a cinya, ka ce, "Ga saƙon mamanki." Za ta bi shi da tafin hannu a hankali. Hannun zai tsaya daidai inda ɗinkin ya fara yawo.

"Baba, daga nan Mama ta sha wahala."

"Ciwo ne."

"Filastar nan a yatsunka fa?"

"Littafi ne ya yanke ni."

"Yatsu shida?"

"Babban littafi ne."

Ba za ta ƙara tambaya ba. Za ta naɗe jikanka, karkataccen gefen a wajen kumatunsa, ta ce ba tare da ta ɗago ba: "Sannu da aiki, Baba."

Gargaɗi

Marubuci ba shi da alhakin yatsan da ya huje, ko yadin da ya ƙone, ko telan da zai riƙa nuna ka a titi. Alkawarin cewa babu mai ganewa kuwa, na janye shi. Haka nan ba ruwana da abin da kalmomin nan uku za su yi maka a tsaye, gaban mijin 'yarka. Ni dai shekara talatin da huɗu ina wuce ƙofar ɗakin ɗinkinta da littafi a hannu. In na leƙa, cewa nake yi ta rage ƙarar keke.

Sannu da aiki, uwar Auta.