Bazawarar da Alhaji Ya Kawo Daga Kwanni

Ba zan taɓa mantawa da motar farko da maigidanmu Alhaji Ada ya saya ba, kuma ba don kyanta ba. A shekarun nan ne bayan an gama yaƙin Turawa, na dawo Madawa daga soja da kaki kala biyu, da takalmin da ya fi ƙafata, da girman kan da ya fi su duka nauyi. A soja na koyi tuƙi (to, tsakani da Allah, na fi wanke kamiyo, wato babbar motar kaya, a kan tuƙa shi, amma wa ya gani?), don haka a ganina duk faɗin Adar babu sofer, wato direba, sai ni.

Alhaji fataucin albasa da fatu yake yi, mu biyu kuma muke masa aiki: ni da Nomau, ɗan gwaggona, wato taubashina. Shi bai je soja ba, amma ya daɗe yana bin kamiyon wani ɗan kanti tsakanin Kwanni da Tawa, ya iya tuƙi shi ma, abin da ban taɓa yarda da shi a gaban mutane ba. Tun muna yara nake ƙyashin Nomau. In aka dama mana fura, sai na leƙa ƙwaryarsa na ga ko ta fi tawa kauri.

Motar tsohuwar hannu ce, baƙa, wani Anasara a Kwanni ya sayar zai koma ƙasarsu. Ashe damina guda ta yi a kulle cikin wata rumfa mai yoyo. Ranar da aka kawo ta, rabin unguwa ya fito kallo. Alhaji ya gyara babbar riga, ya buɗe ƙofa, ya sa kai ciki, sai ga shi ya ja da baya yana toshe hanci. Warin rima ne da fumfuna, kamar jiƙaƙƙen buzun da aka manta a ƙasan rumbu. Ga shi kuwa akwai bikin ɗan ƙanensa a Tamaske nan gaba kaɗan, kuma don shi ya yi gaggawar sayen.

"Wagga aba ba ni shiga ta haka," in ji shi. Sai ya juya, ya tsallake ni da ido kamar turmi ne a tsaye, ya ce, "Nomau, raba ta da warin ga. In ta yi, kai za ka kai ni Tamaske, kuma kai ka riƙon ta daga nan gaba."

Wallahi kishi ya turnuƙe ni har na kasa cin tuwo. Ni da na ga teku! Ni da na sara wa kumandan! A ce mutumin da bai taɓa wuce Tawa ba shi zai zauna gaba yana danna oda, ni ina bin jakai?

Nomau ya kama aiki ba hayaniya. Ya kwance kujerun ya fito da su, ya ɗage shimfiɗar ƙasa wadda ta yi kore shar, ya kankare fumfunar, ya wanke komai da ruwan toka da sabulun salo. Ya jera kujerun a rana yana juya su yana bugu da sanda, ya bar ƙofofi a buɗe, ya ajiye gawayi cikin sakaina a kowane lungu wai yana shan wari. Ni kuwa ina zaune a inuwa ina aikin da na fi iyawa.

"Taubashi, mota kaka gyara ko kuɓewa kaka shanya?"

"Warin na cikin auduga, soja," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba. "Sai rana ta ci shi."

Abin haushi, warin ya fara raguwa. Kullum na faki ido na shinshina, kullum raina ya ƙara ɓaci. Ana nan sai Alhaji ya aiki Nomau ya raka jakan albasa kasuwar Buza. Da zai tafi ya ce mini, "In hadari ya taso ka shigam min da kujerun ga, ba su ida bushewa ba." Na ce ya tafi hankalinsa kwance. Bayansa bai ɓace ba dabara ta faɗo mini: me zai hana in gama aikin da turare yau, in ce wa Alhaji ni na yi abin da ya gagari Nomau?

Duk yankinmu ba wanda ya kai Gwaggo Tsahara ta Azarori haɗa turare, ita ke gyaran amare. Matsala ɗaya: ita ce ta haifi Nomau. In na ce mata na mota ne, labari zai riga ni dawowa Madawa. Don haka na ƙudurta ba zan ambaci kalmar mota ba ko sau ɗaya. Na same ta a tsakar gida tana daka, na durƙusa na gaishe ta.

"Gwaggo, turare nika so, mai ƙarhi."

"Na mi? Kai da ko budurwa ba ka da ita?"

Na rage murya. "Ba nawa na ba. Alhaji na yak kawo wata daga Kwanni. Asiri na hwa, Gwaggo."

Ta aje taɓarya. "Sabuwa ta, ko ta taɓa zama?"

"Ta taɓa zama. Hannun wani Anasara tah hito."

Gwaggo ta yi salati ta tafa hannu. "To mi ad damuwarta?"

"Wari. Damina duka tana kulle ɗaki, ba ta ga rana ba. Alhaji sau guda yal leƙa ta yaj ja da baya."

"Wayyo baiwar Allah! Babba ta?"

"Babba ta ƙwarai. Baƙa, ga hwaɗin baya."

(Ku shaida, ban yi ƙarya ko ɗaya ba.) Na lura sarai ta ɗauka mace nake nufi, na kuwa ji daɗi, na ce a raina soja ya yi dabara. Turare ai turare ne, me ya raba na mutum da na mota? Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da ƙulli a tsumma.

"A zuba garwashi ga kasko, a barbaɗa wanga. Ta tsuguna bisa, a lulluɓe ta rub, kada hayaƙi shi hita ko kaɗan."

Da la'asar sakaliya na dawo. Na kwashe kujerun nan masu danshi na mayar, na watsar da gawayin Nomau, na dasa kasko a tsakiyar mota, na rufe ƙofofi, na lulluɓe ta da tabarmi kamar yadda aka umarce ni. (Garwashi a cikin mota mai isansi, wato fetur! Allah ne kawai ya so Madawa da rahama.) Da na ga hayaƙi ya yi sanyi sai in kutsa ciki, in tsuguna gaban kaskon ina hura wuta ina ƙara garin turaren, har na ƙarar da ƙullin da zai ishi amare biyar. Na fito ido jawur, hancina ya daina jin komai, na ɗauka wari ne ya mutu. Na je na ce wa Alhaji, "Abin da anka yi ta shanya, na gama shi yini guda. Haka muka yi soja."

Alhaji ya yi murna, ya ce gobe da hantsi a kira Liman ya sa wa mota albarka.

Washegari na sa kakin nan dai na jiya, na tsaya gefen mota ƙirji a gaba. Ga Liman, ga abokan fataucin Alhaji, ga dattawan unguwa. Nomau ma ya iso daga Buza a daidai lokacin, ya dubi inda ya bar kujeru, ya dube ni. Na yaye tabarmi. Alhaji ya buɗe ƙofa.

Abin da ya fito, ban san sunansa ba. Fumfunar tana nan daram, ta kwana a rufe ta ƙara ƙarfi, sannan ga wani ƙamshi mai nauyi ya hau kanta. Sai na ga dattawa suna satar kallon juna, wannan ya sunkuyar da kai, wancan ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ashe duk mai aure a wurin ya san ƙamshin nan, ya kuma san ba a zaure ake jin sa ba. Ni kaɗai ne tuzuru, ina ta murmushi ina jiran yabo.

Liman ya yi gyaran murya. "Alhaji, addu'ar mota anka kira ni, ko ɗaurin aure?"

Kafin a amsa sai ga jaki ya ratso taro. Gwaggo Tsahara ce, da ƙwaryar lalle a cinya. Ta sauko tana faɗa tun daga nesa.

"Alhaji, Allah shi sa alheri! Amma a kawo mace garin ga ba a kira ni ba? Ina take?"

"Wa, Tsahara?"

"Ta Kwanni mana! Baƙar nan mai hwaɗin baya, ta hannun Anasara, wadda kal leƙa kaj ja da baya. Ɗan ɗan'uwana ya gaya min komi." Ta nuna ni da baki.

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Gwaggo ta ɗaga hanci ta bi ƙamshin turarenta har bakin mota, ta leƙa, ta ga kaskon. Ta juyo a hankali, ta matso kusa da ni, ta shinshina kakina daga kafaɗa har gwiwa. Sannan ta riƙe haɓa, da muryar da aka ji har kasuwa ta ce:

"La ilaha! Kai kat tsuguna?"

Jama'a, ban taɓa ganin Liman yana dariya har carbi ya faɗi ba sai ranar. Nomau ya zube ƙasa yana dukan yashi. Alhaji ya jingina da motar yana share hawaye da hannun riga, da ya samu numfashi ya ce, "Soja, hidda kujerun ga. Kai ka wanki, Nomau shi nuna maka."

Haka aka yi. Na koma toka da sabulu da sanda, a tsakiyar rana, taubashina na zaune a inuwar da na saba zama yana ba da oda. Fumfuna ta fita tun da wuri, amma turaren Gwaggo da ya kama danshin auduga sai da ya ba mu wuya ninki biyu. Ranar tafiya Tamaske, Nomau ne a gaba da sabuwar hula. Aikina shi ne juya ƙarfen tayar da inji, in ta tashi in ruga in ɗare can baya tare da kayan biki. Duk inda ta mutu a duwatsun hanya, sai ya leƙo ta taga ya ce, "Amarya, a sauko a juya!" Muna isa, matan gidan biki suka wuce ta gabana, ɗaya ta tsaya ta shinshina iska, ta rangaɗa guɗa.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. Wari, sai an fito da abin da ke yin sa an ba rana, turare lulluɓe shi kawai yake yi. In kuma za ka roƙi tsohuwa abu, faɗi sunan abin ƙarara. Kishin Nomau kuwa, ba zan ce muku na daina ba. Na dai daina hura masa wuta a tsugune.