Yadda Za Ka Tsira da Hularka Bayan Ka Kulle Surukinka a Wajen Kwamfutarsa

Ya kai mai karatu, idan ka bi matakan nan bi da bi, na lamunce maka fita daga ɗakin surukinka da mutuncinka. Ban ƙago su ba, domin dattijo ba ya magana sai da misali. Na tsamo su daga abin da ya sami maƙwabcina, wanda ake kira Injiniya saboda ya taɓa gyara fanka. Shi ne ya sabunta kanel, wato ƙashin bayan manhajar kwamfuta, a na'urar surukinsa, a ranar da tsohon zai ga jikansa na fari ta bidiyo daga wata ƙasa mai nisa.

1. Kada ka amsa laifi

Ga alamar cutar: Baba, wato surukin, ya rubuta kalmar sirri, allo ya yi baƙi, ya dawo yana tambayarsa, tamkar maigadin da ya manta fuskar maigida.

"Injiniya, me ka taɓa?"

"Gyara na yi, Baba."

Amsar magabata ke nan. Da ita aka amsa a ofishinmu shekarar da aka yi wa ƙofofi fenti aka manne su gaba ɗaya.

2. Ɗora wa kalmar sirri

"Baba, ko kun manta ta ne?"

"Sunan matata ne, ɗan nan!"

Surukar ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "In ya manta, ku gaya mini, ni ma ina da magana."

Wannan mataki ba ya buɗe kwamfuta, amma yana kawar da ido daga kanka na ɗan lokaci, kuma hakan ma riba ce.

3. Gabatar da dattijo ga sabon kanel

Sabon shugaba bai san kowa ba sai an je gaisuwa, haka muka tarar. Injiniya ya sa Baba ya saka rigar fita, ya zauna gaban kyamara, ya yi sallama. Allo ya yi baƙi. Kada ka karaya, sabon darektanmu ma haka ya yi mana.

4. Kafa kwamiti

Aka kira tela da mai kemis. Tela ya ce a kashe a kunna. Mai kemis ya ce zazzaɓi ne, a lulluɓe ta. Suna cikin muhawara 'yar Baba da ta haihu a ƙasar waje ta bugo cewa jariri ya farka, kuma yanzu zai koma barci. Injiniya ya miƙa wayarsa don a ga jaririn a ciki.

"Jikana na fari ba za a nuna mini shi a tafin hannu kamar ƙwayar magani ba," in ji Baba.

5. Bar dattijo ya fusata

Aka kashe aka kunna, kwamfuta na cikin tashi Baba ya danƙara tafinsa a kan madannai. Sai ga jeri ya bayyana: sabon kanel a sama, wani a ƙarƙashinsa.

"Wannan na ƙasan fa?"

"Tsohon ne, Baba."

"Au! Yana nan da ransa kuka ɗora masa yaro a ka?"

Ya zaɓi tsohon, ya rubuta sunan matarsa, ƙofa ta buɗe. Jariri ya cika allo yana hamma. Baba ya ce, "Ku duba, kunnuwana ne!"

6. Nemi rabonka na yabo

"Dama abin da nake shirin yi ke nan," in ji Injiniya. Baba bai ko waiwaya ba ya ce, "Matso da fanka kusa, ita ce sa'arka." Karɓi irin wannan da hannu biyu. An bar maka muƙami, ko da ƙarami ne.

Sanarwa: marubuci ba ya ɗaukar alhakin fushin suruka, ko ladan zaman kwamiti, ko kwamfutar da aka lulluɓe ta shaƙe. Idan kuma tafin surukinka ya kuskure madannai ya sauka a kanka, kada ka zo gidana da ƙara. Wannan ma akwai misalinsa a tarihi.